Jita Ce 'Yar Amshina

Ni ɗan fataken goro ne, kuma iyakar abin da na ji daga bakin manyanmu, ba a taɓa yin makaɗi ko maroƙi a zuriyarmu ba, ko ta wajen uwa ko ta wajen uba. Duk da haka, sana'ar da na tsufa a cikinta ita ce kaɗa jita mai aiki da lantarki da rera waƙa a kan salon nan da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro, wanda ake kira buluz. Samarin da nake koya wa kiɗa sun daɗe suna matsa mini in rubuta yadda aka yi Bakano ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a wannan hanya a tsakiyar Legas, na kuwa ga dacewar in rubuta tun tunanina yana tare da ni, domin akwai mutanen da suka yi mini alheri waɗanda ba su da mai ba da labarinsu in ba ni ba.

Jirgin ƙasa ne ya sauke ni a tashar Agege a shekarar 1976, watanni kaɗan bayan kisan Janar Murtala Muhammed, a lokacin gemuna bai ko fara tsirowa ba. Mahaifina ne ya turo ni wurin ƙanen mahaifiyata, wanda yake sayen goro daga Shagamu da ƙauyukan da ke kewaye da ita yana aikawa Arewa. Agege ta wancan zamani tana da Sarkin Hausawanta da masallatanta da makarantun allonta, har baƙo yakan yi mako bai buƙaci wani harshe ban da Hausa ba. Aikina na farko shi ne zaɓen goro: a zube shi a tabarma, a ware marsa daga minu, a fitar da wanda sankara ta ci, a shimfiɗa ganye a ɗaure huhu, a kuma riƙa yayyafa masa ruwa don kada ya bushe kafin ya isa Kano. Kawu mutum ne mai lura, da ya ga duk rediyon da ya mutu a gidan sai na kwance shi na yi ta bincike har ya tashi, sai ya kama hannuna ya kai ni wurin wani dattijo Bayarabe mai gyaran rediyo da garmaho da lasifika a kusa da tasha, ya ce masa, "Oga, ga ɗana nan, amana na ba ka."

A wannan shago na fara jin kiɗan da ya canza mini hanya. An kawo gyaran wani babban garmaho mai haɗe da rediyo, da muka gama aikin sai Oga ya zaro faifai ɗaya daga cikin tarin da masu gyara suka bari ba su dawo sun karɓa ba, ya ɗora don gwaji. Ban san Turancin da mutumin yake yi ba, amma na ji ya rera magana ɗaya cikin kakkausar murya, ya yi shiru, sai jita ta ɗauka daga inda ya tsaya ta ba shi amsa, tana jan sauti ɗaya tana karkaɗa shi har sai da na ajiye ƙarfen dalmar da ke hannuna. Na taso ina jin kukumar Ibrahim Na Habu da kiɗan Garba Supa a rediyo, saboda haka kunnena ya san tsirkiya mai kuka, abin da ban taɓa ji ba shi ne mawaƙi wanda ba shi da 'yan amshi, ya mayar da abin kiɗansa ɗan amshinsa. Oga ya duba kwalin faifan ya ce mini sunan mutumin B.B. King. Daga baya na sami labarin cewa shi King ba ya haɗa waƙa da kaɗa jita a lokaci guda, in yana waƙa hannunsa yana hutawa, in hannunsa ya ɗauka bakinsa ya yi shiru, kuma a kan wannan tsari na gina duk abin da na yi a rayuwata ta kiɗa.

Legas ta cika da makaɗa a shekarun nan. An yi FESTAC, bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya, daga tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Fabrairun 1977, irin su Stevie Wonder da Miriam Makeba suka zo, Fela yana tashe, Victor Olaiya yana da otal ɗinsa a Surulere, kiɗan juju na Yarabawa kuma yana ko'ina. Sai dai buluz ba shi da kasuwa a cikin wannan hayaniya, kuma da ban haɗu da malamina ba, da abin ya tsaya a sha'awa. Shi mutumin Gana ne, tashin zangon Kumasi, Hausa a bakinsa kamar ta gado, yana kaɗa jita a wata ƙungiyar hailaif, wato kiɗan rawa na Gana da Najeriya, da ke wasa a otal-otal na Ikeja. Amfilifayarsa, wato na'urar ƙara wa jita sauti, ce ta lalace ya kawo shagonmu, ni na gano ƙwan da ya ƙone a ciki na canza, da ya zo biya sai na ce masa, "Maigida, ba kuɗi nake so ba, ka koya mini abin nan." Ya dube ni ya yi dariya, ya ce Bahaushe da jita sai ka ce an rasa gurmi a duniya, amma ya ce in same shi ranar Lahadi bayan la'asar.

Abin da ya fara koya mini shi ne ture tsirkiya. Ana danna ta da yatsan zobe, a jera na tsakiya da manuni a bayansa su taimaka masa, sannan a tura ta sama a kan wuyan jitar har sautin ya hau zuwa inda ake so, a tsaya cak a wurin, kada a gaza kada a zarce. Kan yatsuna ya fashe, ya warke, ya sake fashewa, har ya yi kanta. Malamina yakan rufe idonsa ya juya mini baya, ya ce in tura, in na gaza ko da kaɗan ne sai ya ce, "Ba ka iso ba, ɗana, sake." Bayan wannan sai karkarwar yatsa, wadda ake yi da wuyan hannu ba da yatsan kansa ba. Shi ne ya ba ni labarin cewa King ya zauna a Memfis wurin wani ɗan'uwan mahaifiyarsa, Bukka White, wanda yake goga ƙarfe a kan tsirkiya don ta yi kuka, King ya kasa ƙwarewa a wannan, sai ya nemo hanyar fitar da irin sautin da yatsansa tsura. Sai da na yi wata da watanni a kan waɗannan abubuwa biyu kafin ya nuna mini ginin waƙar kanta, wato zagaye mai gaɓa 12 da ke yawo a kan haɗin sauti uku, a faɗi magana, a maimaita ta, sannan a kawo ta uku ta warware ta. Sautukan da ake yawan takawa biyar ne, kuma duk wanda ya taso da kiɗan ƙasar Hausa zai ji su kusa da gida.

Kasancewata mai gyara ta sa na fahimci jitar lantarki ta wata fuskar da yawancin makaɗa ba su damu da ita ba. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai, in tsirkiyar ƙarfe ta motsa a kansa sai ta haifar da 'yar ƙaramar wuta a cikin wayar, amfilifaya ta karɓa ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mayar da ita sauti. Tsofaffin amfilifayoyi masu ƙwai a ciki, in aka ƙure su sai muryar ta ɗan dishe, kuma wannan dishewar ita masu buluz suke nema, ita ce take ba sauti ɗaya damar daɗewa yana kuka bayan an kaɗa shi. Ba don ado aka shigo da lantarki cikin wannan kiɗa ba. Baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 ne suka bar gonakin kudancin Amurka zuwa biranen arewa da yamma tsakanin shekarun 1910 da 1970, cikinsu har da mawaƙin buluz Muddy Waters, wanda ya bar Misisipi ya isa Shikago a 1943, ya tarar da cewa jitar katako ba ta jiyuwa a cikin surutun gidajen rawa na birni, dole ya nemi mai lantarki. Da malamina ya gaya mini wannan sai na ga kaina a ciki, domin su daga Kudu suka tafi Arewa neman abinci, mu kuwa daga Arewa muka gangaro Kudu, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin yin magana a Oshodi da tsakar rana ya san dalilin da zai sa mutum ya nemi abin ɗaga murya.

Magana ba ta ɓuya a Agege. Mahaifina ya zo harkar goro, kafin ya kwana biyu an kai masa labari. Bayan sallar isha ya sa aka kira ni, na durƙusa a gefen tabarmarsa, Kawu yana zaune kansa a sunkuye. Ya ce, "Kai, na turo ka Ikko neman sana'a, sai nake jin ka zama maroƙi." Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba, ban taɓa roƙon kowa ba." Ya ce in ɗauko abin ya gani. Na ɗauko jitar aro da nake koyo da ita, na kaɗa masa a hankali ba tare da na jona ta ba, ya saurara har na gama, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Sannan ya ce ba zai ce abin ya yi masa daɗi ba, ba kuma zai yi mini baki ba, amma yana son in ɗaukar masa alkawari: kada in taɓa kiran sunan wani mai kuɗi ko mai mulki a waƙa don ya ba ni, kada giya ta taɓa bakina duk inda kiɗan ya kai ni, kada kuma in bar salla ko in saki sana'ar hannuna. Na ɗauka, Kawu ya shaida.

Ina so a fahimce ni a nan, domin ban raina maroƙa ba, ba kuma zan taɓa raina su ba. Wanda ya san abin da Mamman Shata ya yi da harshen Hausa, ko Musa Ɗanƙwairo, ba zai buɗe baki ya ce roƙo ƙaramar sana'a ba ce. Sana'arsu ce, suna da ƙa'idojinsu da mutuncinsu a cikinta. Amma alkawarin da na ɗaukar wa mahaifina ya rufe mini ƙofar da kusan duk kuɗin kiɗa yake shigowa ta cikinta, a wurin Hausawa da Yarabawa baki ɗaya, domin a bikin Legas wanda aka ambaci sunansa da na kakansa shi yake tashi ya yi liƙi. Na daɗe ina ganin abin a matsayin takunkumi kafin in gane cewa shi ne ya tura ni inda ya kamata in je. Mawaƙin buluz ba ya wasa kowa, halin da yake ciki yake faɗa, bashi ne ko rabuwa ko rashin aiki ko kewar gida, kuma mahaifina da bai taɓa jin sunan wannan kiɗa ba ya gindaya mini sharaɗin da ya yi daidai da shi.

A Janairun 1983 gwamnatin tarayya ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adi su bar ƙasar, mutanen Gana kusan miliyan guda suka kama hanya, malamina yana cikinsu. Ya zo shago da sassafe da jitarsa a cikin akwatinta, ja ce mai rami a ciki, irin wadda yake cusa wa tsumma ta kafofinta don kada ta yi ƙara in an ɗaga sauti, dabarar da King ma ya yi kafin kamfanin Gibson ya ƙera masa wadda ba ta da kafofin a 1980. Ya ce motar da za su shiga ba ta da wurin kaya, in riƙe masa ita har ya dawo. Mun yi musayar wasiƙa na ɗan lokaci, daga nan labarinsa ya yanke. Ina yi masa addu'a a kowace salla har yau.

Shekarun da suka biyo baya na yi su ne a matsayin ɗan haya. Na kaɗa wa ƙungiyoyin hailaif da na juju, na yi wasa a otal-otal na Ikeja da Surulere da kuma Apapa, inda ma'aikatan jiragen ruwa na ƙasashen waje suke zuwa, kuma su ne kaɗai suke neman buluz da sunansa. Sai dare ya raba, masu rawa sun gaji, shugaban ƙungiya yakan ɗaga mini kai ya ba ni waƙa ɗaya ko biyu. Ina idar da isha kafin mu hau dandamali, in koma gida da asuba, in buɗe shago da hantsi. Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986 darajar naira ta faɗi, tsirkiya ta zama kayan gabas, sai mun tafasa tsofaffi a ruwan zafi don datti ya fita su sake yin sauti, in siririyar ta tsinke kuwa mu warware wayar birkin babur mu zare sili ɗaya mu ɗaura. Daga baya kuma aka shigo da fiyano mai ganguna a cikinsa, mutum ɗaya yana yin aikin mutum takwas, ƙungiyoyi da yawa suka watse, abokan aikina da dama suka koma kaɗa wa coci-coci. Abin da ya riƙe ni da iyalina shi ne ƙarfen dalma. Na yi aure na koma Idi-Araba, kuma babu masallacin unguwar da ban taɓa gyara wa lasifika ba, har dattawan da suke kawar da kai in sun gan ni da akwatin jita suka koma aiko yara su kira ni in na'urar kiran salla ta ƙi tashi.

Duk wannan lokaci da Turanci nake waƙa, ina kwaikwayon lafazin mutanen da ban taɓa ganin ƙasarsu ba, kuma a raina na san akwai abin da bai zauna ba. A tsakiyar shekarun 1990 wani direban babbar mota ya ba ni kaset na Ali Farka Touré, mutumin Niafunke ta ƙasar Mali, wanda faifan da suka yi da Ry Cooder, makaɗin jita Ba'amurke, a 1994 ya ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka. Ga mutum yana kaɗa jitar lantarki, yana waƙa da harsunan ƙasarsa, ba ya neman ya zama Ba'amurke, kuma duniya ta tsaya tana saurarensa. Na yi kwanaki ina juya kaset ɗin. Ba salonsa na ɗauka ba, domin nasa kiɗan bakin kogin Neja ne, nawa kuwa na birni ne mai gaɓa 12, abin da na ɗauka shi ne ƙarfin halin buɗe baki da Hausa.

Aikin ya fi yadda na zata wuya. Hausa tana da hawa da saukar murya a kan kowace gaɓa, tana da dogon wasali da gajere, in ka ja abin da ba a ja ko ka ɗaga abin da ake saukewa don ya dace da kiɗa, Bahaushe zai ji ka kamar baƙo. Dole na riƙa faɗin baitin da baki tukuna, yadda zan faɗe shi a hira, sannan in nemo karin da ke bin maganar, jita kuma ta maimaita hawa da saukar da bakina ya yi. Abin waƙa kuwa ban je nesa nemansa ba. Ga 'yan dako a kasuwar Mile 12 da ke sauke albasa da tumatir da tattasai daga motocin Arewa, ga masu gadi da ke kwana a ƙofar gidajen Ikoyi, ga 'yan ga-ruwa da masu wankin takalmi da 'yan acaɓa, kowannensu ya baro mata da 'ya'ya da gona, kowannensu ana jiran saƙonsa a gida. Ɗaya daga cikin baitocina na farko shi ne wannan:

Na ɗauki buhu tun asuba, wuyana ya san nauyin albasa,
Na ce na ɗauki buhu tun asuba, wuyana ya san nauyin albasa,
An ce in aiko kuɗin taki, ga damina ta kama, ni kuwa na kasa.

A teburin wani mai shayi na fara rera shi, da daddare a bayan kasuwar, da 'yar ƙaramar amfilifaya da na haɗa da kaina tana aiki da batirin mota. Mutane suka taru suna kallon jitar, wasu suna dariya. Da na kai baiti na uku na bar jita ta amsa, sai dariyar ta tsaya. Wani ɗan dako mai furfura, gammonsa yana rataye a kafaɗa, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Malam, don Allah sake faɗin na takin nan." Na sake. Ya ce shi ma wasiƙar da aka aiko masa ke nan, tana cikin aljihunsa. Na yi wasa a gaban Turawa da manyan ma'aikata sun tafa mini, amma daga wannan dare na fara ɗaukar kaina mawaƙi.

Da sunana ya ɗan fita a tsakanin Hausawan Legas sai aka fara gayyatata biki, a nan kuma alkawarin mahaifina ya sha gwaji. An taɓa kirana auren 'yar wani attajiri, ana tsakiyar wasa wani na kusa da shi ya hau dandamali ya raɗa mini sunan Alhajin da na mahaifinsa da garinsu, ya nuna mini bandir ɗin kuɗi a aljihun babbar rigarsa. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, ni ba na kiran suna, amma zan yi wa amarya da ango addu'a." Ransa bai so ba, kuma ba a sake kirana gidan ba. A daren kuɗin hayar ɗakinmu yana kaina, na kuwa san abin da ke cikin aljihun nan zai biya shekara. Da na gaya wa uwargidana, abin da ta ce shi ne, "Malam, Baba ya rasu, amma alkawari bai rasu ba," ta tashi ta ɗumama mini tuwo.

Shekarar 2002 ita ce mafi tsanani a zamana na Legas. Ranar 27 ga Janairu bama-bamai suka tashi a barikin soja na Ikeja, mutane fiye da 1,000 suka rasu, yawancinsu a cikin magudanar ruwan Oke-Afa suna gudun tsira. Ba a gama makoki ba, a farkon Fabrairu rikici ya ɓarke a Idi-Araba tsakanin Hausawa da Yarabawa, aka kashe mutane, aka ƙone gidaje. Mun fita da abin da ke jikinmu, ni da uwargida da yara, muna kaiwa bakin titi na tuna jitar malamina tana ƙarƙashin gado. Na juya, uwargida ta riƙe mini riga ta ce, "Malam, kada ka koma, dubi yaran nan." Duk mai kaɗa buluz ya san labarin King a garin Twist na jihar Akansas, inda wasu mutum biyu suka yi faɗa a gidan rawa suka ture garwar kananzir da ake jin ɗumi da ita, wuta ta kama, ya fita sannan ya koma ciki don ya ceto jitarsa ta dala 30, ya kusa hallaka. Da ya ji a kan wata mata mai suna Lucille aka yi faɗan sai ya raɗa wa jitar sunanta, don ya riƙa tuna wa kansa kada ya sake yin irin wannan kasada. Na ɗauki ƙaramin ɗana na saɓa a kafaɗa muka nufi Agege. Ɗakin ya ƙone da shagon da jitar, amanar da aka ba ni tun 1983.

Na daɗe ban taɓa tsirkiya ba bayan wannan. Waɗanda suka dawo da ni su ne abokan wasana biyu, mai ganguna Bayarabe ɗan Mushin da mai kaɗa bes, jitar nan mai kaurin murya, ɗan ƙabilar Ibo, waɗanda suka yi ta cigiyata har suka same ni a gidan Kawu. Ba su yi mini dogon jaje ba. Sun haɗa kuɗi suka je kasuwar Alaba suka sayo tsohuwar jita wadda maganaɗisunta ɗaya ya mutu, suka ce sun san zan iya tayar da ita. Na zauna na warware wayar tagullar na sake naɗa ta da hannu, zagaye bayan zagaye, kuma ita nake kaɗawa har yau. Waƙoƙin da na yi a kan abin da ya faru a Idi-Araba ban kira sunan wata ƙabila a cikinsu ba, domin na ga gawar Bahaushe na ga ta Bayarabe a titi ɗaya, dukansu talakawa ne masu neman na abinci.

A 2015 na yi rashi biyu a jere. B.B. King ya rasu ranar 14 ga Mayu yana da shekara 89, mutumin da ya fara da tsinkar auduga da tuƙa tarakta a Misisipi, ya yi wasa sau 342 a shekarar 1956 kaɗai, ya zo har Kinshasa a 1974, ya kuma ci Grammy 15. Wata guda bayansa, a watan Yuni, Ɗan Maraya Jos ya bi shi. Mutane sukan yi mamaki in na haɗa sunayen nan biyu, ni kuwa a wurina gida ɗaya suka fito. Ɗan Maraya da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, shi kaɗai ba 'yan amshi, ya yi wa talaka da ɗan ƙwadago da zaman aure waƙa, kuma da a ce matasanmu masu sha'awar jita za su zauna su saurari yadda yake barin kuntigi ya ƙarasa masa magana, da sun rage wahalar neman darasi a intanet. Abin da yake damuna da yawancin masu tasowa shi ne gaggawa, suna zuba sauti ɗari a inda uku za su wadatar, ba sa barin fili tsakanin magana da amsa, alhali a cikin wannan fili mai sauraro yake sa tasa damuwar.

Yanzu na koma Agege, ƙarfi ya ragu, gaɓoɓin yatsuna suna ciwo in damina ta kama, saboda haka na koma ɗaura tsirkiyoyi marasa kauri don turawa ta yi sauƙi. Ina wasa jefi-jefi a wani ƙaramin gidan cin abinci a tsibirin Legas, ina kuma zuwa wurin masu shayi in an gayyace ni, shagon gyara yana hannun babban ɗana. Samarin da ke zuwa koyo yawancinsu 'yan acaɓa ne da masu gadi, wasu 'yan Nijar ne da suka zo da kiɗan Bombino da Mdou Moctar na ƙasar Agadas a cikin wayoyinsu, hannunsu yana da sauri, kunnensu yana da kyau. Ina fara su da ture tsirkiya, in juya musu baya in ce su tura, kuma ba na karɓar kuɗi a wurinsu, domin ni ma ba a karɓa a wurina ba. Sharaɗin mahaifina nake gaya musu, amma ba na tilasta wa kowa, tun da ni aka ɗora wa shi ba su ba.

Abin da ya rage mini shi ne ɗaukar waƙoƙin nan a faifai yadda ya kamata, domin kasa-kasan da na yi a da sun ƙone tare da ɗakin, abin da ke akwai sai wanda 'yata ta ɗauka da waya. Mai gangunanmu ya rasu, Allah ya ji ƙansa, mai bes kuma ya koma garinsu. Ina son in yi wannan aiki da kalangu a maimakon gangunan Bature, domin kalangu yana iya bin hawa da saukar Hausa yadda jitata take bi, sai dai yawancin makaɗan da na gwada hannunsu ya saba da kiɗan biki, da an fara sai su ruga. Ina neman makaɗin kalangu mai haƙuri, wanda zai iya riƙe kiɗa a hankali daga farkon waƙa har ƙarshenta ba tare da ya ƙara sauri ba. In akwai irinsa a Legas, ko a Agege ko a Mile 12 ko a Alaba Rago, ya tambayi masu gyaran lasifika na kusa da tashar jirgin ƙasa ta Agege, za su nuna masa inda nake.